Za ku sayar da gida? Ku fara da kwabar magani da sito kafin fenti

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu, Jikwoyi, Kurudu da Orozo har ta dire Karshi, ya san yadda gine-gine suka cinye gonakin da ke gefen titi. Karshi tsohon garin Gwandara ne da ke ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, wato AMAC. Tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja a Disambar 1991, ma'aikatan da hayar cikin birni ta fi ƙarfinsu suke ta gangarowa wannan yanki, su sayi fili, su riƙa ɗora bulo da kaɗan-kaɗan har gida ya tashi. Batun hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka bayar da kwangilarta tun 2011, ya ƙara jawo hankalin masu neman gida, domin kowa ya san abin da gajeriyar hanya zuwa cikin birni ke yi wa farashi.

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi gini a wancan lokaci yanzu sun yi ritaya, suna son komawa Kano ko Katsina ko Zariya ko Lafiya. Wasu sun rasu, magada na jiran rabo. Wasu kuma lalura ce ta taso, ta asibiti ko ta makarantar yara. Ko ma mene ne dalili, ga mafi yawan iyalai gidan nan shi ne babbar kadarar da suka mallaka, kuma sau ɗaya za a sayar da shi. Idan mai saye ya shigo ya tarar da tarkace har bakin ƙofa, ɗakuna sun yi duhu, ga warin rima, to da ragi zai buɗe baki, kuma ragin gida ba na ɗari biyar ba ne.

A Amurka da Ingila akwai mutanen da sana'arsu ke nan, shirya gidan da za a sayar. Sukan kwashe kayan masu gida su kai ajiya, su yi hayar kujeru da fitilu su jera, don mai saye ya ga fili da haske ya fara ƙiyasta inda zai sa nasa gadon. Mu ba sai mun yi hayar komai ba, amma hikimar ɗaya ce: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ɗakin da aka cika da akwatuna da buhuna da tsohuwar katifa a jingine ƙanƙancewa yake yi a idon baƙo, ko da kuwa babba ne.

Abin da ya sa na kawo wannan batu shafin lafiya shi ne, makon da ake kwashe kaya yana cikin makonni mafi haɗari ga yaran gida. Duk abin da aka ɓoye a saman kwaba shekara da shekaru saukowa yake yi ƙasa, manya hankalinsu na kan kwalaye da masu ɗauka, yaro kuma yana rarrafe a tsakanin kayan. Don haka a wurina tsarin aikin shi ne a fara fitar da abin da zai iya kisa, sannan abin da zai sa ciwo, sai a ƙarshe a zo kan kwalliya.

Kwabar magani

Kusan kowane gida yana da ledar magani, wani gidan ma leda uku: ta maigida, ta uwargida, da wadda ba wanda ya san ta wane ne. A zaɓi lokacin da yara suke makaranta ko suka yi barci, a tattaro duka daga durowar gado, saman firji, jakar hannu da aljihun mota, a zube a kan tebur mai tsayi. Kada a baza su a tabarma.

Kwanan watan da ke jikin kwali shi ake fara dubawa, amma ba shi kaɗai ba. Wannan kwanan wata alƙawari ne da kamfani ya yi bisa sharaɗin cewa ba a buɗe maganin ba, kuma an ajiye shi yadda aka rubuta, galibi a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, wasu ma 25. A Abuja kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana kan haura 35, balle kicin ko cikin motar da ta wuni a rana. Ƙwayar da ta canza launi, ko ta dage, ko ta manne da 'yar uwarta, ko kafso da ya yi laushi, duk sun tashi daga aiki ko da sauran shekara a jikin kwalinsu.

Akwai kuma waɗanda ranar buɗewa ce ke ƙayyade kwanakinsu. Maganin ƙwayoyin cuta na yara da ke zuwa a gari a zuba masa ruwa, irin su amoksisilin da Augmentin, mako ɗaya ne zuwa biyu gwargwadon abin da aka rubuta a jiki, daga nan sai zubarwa. Maganin ɗigawa a ido yawanci kwana 28 ne bayan buɗewa, domin ƙwayoyin cuta na iya shiga bakin kwalbar. Insulin ɗin da aka fara amfani da shi ma kimanin mako huɗu ne. A kantin magani sau da yawa uwa kan zo da kwalbar da aka haɗa tun bara tana tambaya ko za ta iya ba ƙanin wanda aka saya wa. Amsar ita ce a'a.

Magunguna huɗu nake so a fi sa wa ido a wannan mako. Na farko jar ƙwayar nan ta ƙarin jini da ake ba masu ciki a wajen awo. Kamar alewa take a idon yaro, ga santsi, kuma idan ya haɗiyi da yawa takan ƙona ciki ta lalata hanta. Na biyu ƙwayar ciwon suga irin su Daonil, wadda guda ɗaya tak kan iya sauke sugan ƙaramin yaro har ya suma. Na uku magungunan hawan jini da na zuciya na kakanni. Na huɗu farasitamol, wanda saboda sabo muke raina shi, alhali yaron da ya sha fiye da kima zai iya wuni yana wasa kamar ba komai, sai bayan kwana biyu ko uku ciwon hanta ya bayyana. Idan kuna zargin yaro ya haɗiyi wani abu, kada ku jira alama, kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ku ɗura masa manja ko madara. Ku ɗauki kwalin ko kwalbar ku nufi Babban Asibitin Karshi ko wanda ya fi kusa, domin abin da likita zai fara tambaya ke nan: me ya sha, nawa, yaushe.

Idan aka ci karo da tiramadol, ko maganin barci, ko tsohuwar kwalbar maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi tun Mayun 2018, a ware su daban a kulle. Gidan da ake kwashe kaya gida ne da matasa masu ɗauka da 'yan taimako ke shiga kowane ɗaki.

Sauran magani ba abin sadaka ba ne. Na san zuciya ba ta son a zubar da abin da aka saya da tsada, musamman idan mai shan ya rasu ya bar kwalaye cike. Amma maƙwabciyar da ke da hawan jini ba lallai irin ƙwayar marigayi ta dace da ita ba, ƙila ƙodarta ba za ta ɗauka ba, ƙila tana shan wani da ba sa haɗuwa. A kai ledar gaba ɗaya kantin magani mai rajista, a nuna wa masanin magunguna, a tambaye shi ko yana karɓar waɗanda suka lalace. Idan babu mai karɓa, a ɓare ƙwayoyin daga fakitinsu, a cakuɗa su da ƙasa ko jiƙaƙƙen toka a leda mai kauri, a ƙulle tam, a sa a shara ranar da za a kwashe ta. Kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya. Kwalaye kuma a yayyaga su, a kankare rubutun jikin kwalabe, saboda 'yan jari-bola na bin shara, kuma kwalin magani mai kyau abin nema ne a wurin masu haɗa jabu. Allura da sirinji a zuba su a galan mai kauri da murfi a kai asibiti. Abin shaƙa na masu asma da gwangwanin feshin sauro kuwa kada su shiga wutar shara, fashewa suke yi.

Sito da abin da ke cikinsa

Daga kwabar magani sai ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan ƙofar banɗaki da sito. Nan ake samun kalanzir a robar lemo, ruwan batir, sodar yin sabulu, fiya-fiya da shinkafar ɓera. Duk abin da ke cikin robar da ba tasa ba, a rabu da shi tun ranar farko. Kalanzir a robar ruwan sha tsohon tarko ne da har yau yake kai yara asibiti, kuma haɗarinsa a huhu yake, shi ya sa sa yaro amai ke ƙara ɓata lamarin.

Sito da ya shekara ba a motsa shi ba gidan ɓera ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera, kuma ya fi tsananta a lokacin rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, wanda shi ne kuma lokacin da aka fi gyaran gida da ƙaura. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura yarinya da busasshiyar tsintsiya ta share, ƙura ta tashi ta shaƙa. A buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa na rabin awa. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu ta roba da rufaffen takalmi, don kunama ma na son irin wannan wuri. A haɗa kofi ɗaya na Hypo ko Jik da kofi tara na ruwa, a yayyafa a kan kashin ɓeran ya jiƙa na minti biyar, sannan a kwashe da tsumma ko takarda a ƙulle a leda. Hatsin da ɓera ya yi ɓarna a ciki ba na ci ba ne, ba kuma na bayarwa ba. Wanda ya yi irin wannan aiki, idan zazzaɓi ya kama shi cikin mako uku kuma maganin maleriya bai sauke shi ba, ya koma asibiti ya faɗi aikin da ya yi. Hukumar NCDC na da layin kira kyauta, 6232.

Tun da an ambaci Hypo, bari in yi gargaɗin da nake yawan yi. Mai son banɗaki ya yi ƙyalli kafin baƙi su zo yakan zuba Harpic ya bi shi da Hypo, a ganinsa ƙarfi biyu ya fi ɗaya. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, ga banɗakunanmu ƙanana masu 'yar taga ɗaya. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye da ruwa sosai, a bar ɗayan sai wata rana.

Sai feshi. Ba mai son kyankyaso ya gilma a gaban mai saye, amma Sniper da fiya-fiya maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Tun 2019 Hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan kantuna, sai dai har yanzu ana samunsa a lunguna. Alamomin gubarsa su ne dalalar miyau, zufa, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, kuma asibiti ne kawai ke da makarinsa. Ƙwayar nan da ake sakawa a buhun wake don kashe ƙwari ta fi shi haɗari, domin iskar da take fitarwa na ratsa ɗaki zuwa ɗaki ta kashe mai barci. Idan feshi ya zama dole, a kira wanda ya san aikin, a tambaye shi sunan abin da zai fesa, a fitar da abinci da kwanuka, iyali su kwana a wani wuri, a dawo a buɗe ko'ina a goge ƙasa kafin yara su shiga.

A akwatunan lefe da na zannuwan da aka daɗe ba a buɗe ba za a tarar da kafur, fararen ƙwallayen nan masu ƙarfin wari. Da yawansu naftalin ne. Akwai wani ƙarancin sinadari a jajayen ƙwayoyin jini da ake gada, ana kiransa G6PD, ya kuma yawaita a tsakanin 'ya'ya maza a Najeriya. Jaririn da ke da shi, idan aka sa masa kayan da suka sha kafur, jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka kayan jarirai da za a fitar a bai wa 'yar uwa mai ciki, a wanke su a shanya a rana sosai tukuna, a kuma gaya mata inda suka kwana.

Me za a ajiye, me za a fitar

A nan ba zan daɗe ba, don kowace uwargida ta fi ni sanin kayanta. Kashi uku ya isa: abin da zai bi ku sabon wuri, abin da za a sayar ko a bayar, da abin da za a zubar. Tambayar da ke sauƙaƙa hukunci ita ce ko za ki yarda ki biya kuɗin mota a kai wannan abu Kano. Mataccen firji, fankar da ta ƙone, ragowar rodi da tsohon janareta, 'yan gwangwan za su saya, sai dai a yi cinikin a ƙofar gida, kada su shigo ciki. Kwalla da samira da tangaran ɗin da aka jera tun ranar aure, waɗanda ba za a iya rabuwa da su ba, a naɗe su a kwali a kai gidan ɗan uwa, a bar kaɗan a kwaba. Ba raini ba ne ga kayan ɗaki. Mai saye bango da faɗin ɗaki ya zo gani.

Gidan gado kuwa hukuncinsa daban. Duk abin da mamaci ya bari, daga mota har bokiti, haƙƙin magada ne, har da marayun da ba su san ana yi ba. Babbar 'ya ko matar babban wa ba ta da ikon ta ce wannan tsohon kaya ne a ba almajirai. A rubuta komai, a ɗauki hoto, a nemi yardar kowa ko a jira mai rabo. Gaba mai tsawo ta sha tashi tsakanin 'yan uwa a kan darduma ko keken ɗinki, ba a kan kuɗin gidan ba.

Tsofaffi kuma a bi su a hankali. Dattijuwar da ta shekara ashirin tana ajiye ƙwayarta a gefen filo, idan aka wayi gari an kwashe ɗakin, tana iya tsallake sha ko ta sha sau biyu. Ɗakinta ya zama na ƙarshe da za a taɓa, kuma da ita za a yi.

Fenti, rima da silin

Sabon fenti fari ko ruwan madara na ƙara wa ɗaki haske da faɗi, kuma yana cikin gyare-gyaren da suka fi araha. Amma fenti a kan rima kuɗi ne aka zubar. Baƙin tabo ko kumburin bango daga ƙasa alama ce ta ruwan da ke tsotsowa daga tushe, ko kwata da ta toshe a bayan gini, ko bututun da ke yoyo. Tabon silin kuma daga kwano yake. Funfunar da ke tsiro a irin wannan wuri na tayar da asma da tari da atishawa, musamman ga yara. A gyara mafarin, a bar bango ya bushe, sannan a shafa. Idan ba halin gyara, a nuna wa mai saye a rage masa daidai aikin. Ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne, kowa ya sani, kuma ruwan farko na damina zai tona abin da aka rufe. Masu neman gida a yankin Karshi da suka san abin da suke yi ma da gangan suke zuwa a watan Agusta, su ga hanya, su ga inda ruwa ke kwanciya.

Wajen kankare tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi da ƙarafan baranda, a yi hattara da dalma. An daɗe ana sa ta a fentin mai, musamman rawaya da ja da kore. Mu a Arewa mun ga abin da gubar dalma ke yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma ko kaɗan ce tana rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta nuna alama da wuri. A Amurka an hana fentin gida mai dalma tun 1978, har doka ta wajabta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin wannan shekara ya sanar da mai saye abin da ya sani game da ita. Mu a nan abin da ke hannunmu shi ne kada a goge tsohon fenti a bushe, a jiƙa shi, a shimfiɗa leda a tare ɓarɓashin, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, mai ciki da yara kuma su bar gidan har a gama warin ya fita. Haka tsohon silin na asbestos da ke gidaje da yawa: idan lafiyarsa lau a ƙyale shi, idan ya fashe kada a sa yaran gida su farfasa shi ko su yanka da zarto, domin ƙurarsa na jawo cutar daji ta huhu bayan shekaru masu yawa.

Ranar da mai saye zai zo

A yi yarjejeniya da dillali tun farko a kan la'adarsa, a rubuce, da kuma cewa ba zai kawo kowa ba sai ya sanar. Gida mai mata ba kasuwa ba ne. A tsayar da lokaci, da hantsi ya fi, lokacin da haske ya cika ɗakuna kuma yara suna makaranta, maigida ko wani namiji babba na gidan ya kasance yana nan. A zuge labule, a buɗe tagogi, a sauya ƙwan fitilar da ya mutu, a gyara famfon da ke ɗiga. A share tsakar gida, a sauke shanya, a ɗaure awaki, a zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, wanda dama gidan sauro ne. Murfin sokawe da na rijiya su zama lafiyayyu, don mai saye na iya zuwa da yaransa. Idan za a kunna janareta a nuna wuta na aiki, a waje zai tsaya nesa da taga, ba a lungun kicin ba.

Turaren wuta al'adarmu ce mai kyau, amma a sassauta a wannan rana. Hayaƙi mai yawa na sa baƙo ya yi zargin ana ɓoye wani wari, kuma idan mai asma ne zai gaggauta fita bai gama dubawa ba. Gidan da aka wanke aka buɗe wa iska ya wadatar.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: magunguna da takardun asibiti su ɓace daga ido gaba ɗaya. Ciwon mutum sirrinsa ne. Bayan haka, wanda ya ga ledojin magani da takardun gwaji a kan tebur ya gane cewa lalura ce ta sa ake sayarwa, kuma zai taya ne daidai matsuwarku. Haka gwala-gwalai, makullan mota da takardun gida na asali. Kwafi ake nunawa. Tantance takarda a ofishin AGIS da rubuta yarjejeniya aikin lauya ne, a nemi shi tun kafin a karɓi ko kwabo, a kuma biya bashin wuta na AEDC don kada ya zama abin ja-in-ja a ranar ƙarshe. Hotunan da dillali zai yaɗa a WhatsApp da Facebook ku duba su da kanku kafin su fita: kada hoton iyali, lambar mota ko rigar makarantar yara su bayyana a ciki.

Jakar da ba ta shiga motar kaya

Idan ciniki ya faɗa, a ware jaka ɗaya da za ta zauna a hannun uwargida. A ciki a sa maganin da kowa ke sha kullum, wanda zai kai aƙalla mako biyu zuwa wata guda, da abin shaƙa na mai asma, katin rigakafin yara, katin awon ciki, katin inshorar lafiya da sakamakon gwaje-gwaje. Insulin a sa shi a kula mai sanyi, amma kada ya jingina da ƙanƙara, domin idan ya daskare ya lalace. Mai shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki ya je asibitinsa tun da sauran makonni ya karɓi takardar canjin wuri zuwa garin da za a koma. Tsallake 'yan kwanaki a irin waɗannan magunguna na ba cutar damar bijirewa.

Kafin a miƙa makulli, wani babba ya zagaya gidan da tocila, ya leƙa bayan ƙofofi, ƙarƙashin kantar kicin, cikin silin da lungun sito, ya kwashe duk shinkafar ɓera da aka taɓa zubawa da duk wata kwalba da aka manta. Idan an yi feshi a kwanakin ƙarshe, a gaya wa sababbin masu gida ranar da aka yi da sunan abin da aka fesa, domin su ma wataƙila da mai rarrafe za su tare.